Me Ke Kai Ɗan Adam ga Kashe Kansa? Bayanin Masana da Abin Lura ga Mutanen Kurfai

A ƙasar Kurfai, kamar sauran ƙasar Hausa, labarin mutuwa ba ya kwana a gida ɗaya. Da zarar rai ya yi halinsa sai a tashi manzanni, daga Filinge zuwa Shikal, daga Luma zuwa Tukunus, dangi su hallara, a yi wa mamaci sutura, a sallace shi, a kai shi makwancinsa, sa'an nan a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don karɓar gaisuwa. Amma akwai wata mutuwa guda wadda ake faɗinta ƙasa-ƙasa, watau mutuwar wanda ya kashe kansa. Masu gida sukan ce gajeruwar rashin lafiya ce, masu zuwa gaisuwa su yi kamar ba su ji kome ba, kowa ya koma gida da tambaya cikin ransa. In an keɓe, wani ya ce imani ne ya yi ƙaranci, wani ya ce sammu aka yi masa, wani ya ce iskoki ne, wani kuwa ya ce dā ma kansa ba daidai yake ba. Daga nan sai a rufe zancen, alhali kuwa mai yiwuwa ne cikin masu zaman makokin nan akwai wani da ke ɗauke da irin wannan tunani, ba wanda ya sani.

Ruwa ba ya tsami banza. Fiye da shekara ɗari ke nan likitoci da masana halayyar ɗan Adam suna bin diddigin wannan al'amari. Abin da suka gano ya kamata ya kai kunnen kowane maigari da limami da malamin makaranta da ma'aikacin lafiya da magidanci, domin da yawa daga cikin waɗannan mace-mace ana iya hana aukuwarsu.

Girman matsalar

An daɗe ana cewa kashe kai cutar Turawa ce, baƙar fata bai san ta ba. Lissafi bai goyi bayan wannan magana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka fi sani da OMS, ta ƙiyasta cewa cikin shekara ta 2021 mutum dubu 727 suka kashe kansu a faɗin duniya, kashi 73 cikin ɗari daga cikinsu kuwa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. A tsakanin matasa masu shekara 15 zuwa 29, kashe kai shi ne na uku cikin abubuwan da suka fi ɗaukar rai. Lissafin hukumar na 2019 ya nuna cewa yankin Afirka ne ke kan gaba, da kimanin mutum 11 cikin kowane dubu ɗari, alhali na duniya baki ɗaya bai wuce 9 ba. Har wa yau, bayan kowane mutum guda da ya mutu akwai fiye da ashirin da suka yi yunƙuri suka tsira.

Igiyar zumunci

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yin nazari mai zurfi a kan al'amarin shi ne Bafaranshen nan Emile Durkheim, masanin zamantakewa, cikin littafinsa Le Suicide na 1897. Ya tattara lissafin ƙasashen Turai na shekaru masu yawa, ya ga cewa gwauraye sun fi masu aure kashe kansu, marasa ƴaƴa sun fi masu ƴaƴa, ya kuma ga abin yana ƙaruwa duk sa'ad da tattalin arziki ya birkice. Daga nan ya yanke cewa ko da yake mutum shi kaɗai yake aikata abin, tushensa na cikin zaman jama'a.

A ganinsa ɗan Adam yana ɗaure ne da igiyoyi na iyali da addini da sana'a da gari. In igiyar ta yi sako-sako, mutum ya zama ba shi da kowa, haɗari ya ƙaru. In tsarin da aka saba ya rushe farat ɗaya, mai garke ya wayi gari ba ko akuya, ya rasa matsayin da aka san shi da shi, nan ma haɗari ya ƙaru. Ya kuma ambaci akasin haka, watau inda igiyar ta yi tsauri har ta shaƙe mutum, aka tsara masa rayuwarsa duka ba tare da an bar masa ƙofa ko ɗaya ba. Yarinyar da aka yi wa auren dole, ta gudu gida aka mayar da ita, ta sake gudu aka sake mayar da ita, tana cikin wannan kashi na ƙarshe.

Fushin da ya koma ciki

Shekara ashirin bayan haka, cikin 1917, likitan nan na birnin Biyena, Sigmund Freud, ya dubi al'amarin ta fuskar zuciya. Ya ce wanda ya rasa abin da yake ƙauna, ko ta mutuwa ko ta rabuwa ko ta wulaƙanci, yakan ji baƙin ciki haɗe da fushi. In fushin ya rasa inda zai sauka, sai ya juyo kan mai shi, ya shiga zargin kansa da tsanar kansa. Cikin 1938 wani likita Ba'amurke, Karl Menninger, ya faɗaɗa wannan bayani, ya ce buri uku ke haɗuwa cikin zuciyar mai kashe kansa: son ya huce haushi, son a hukunta shi, da son ya mutu.

Masanan da suka biyo baya ba su yarda da dukan maganar Freud ba, amma akwai abin ɗauka cikinta. A ƙasar Hausa ɗa ba ya ɗaga murya gaban uba, mace ba ta mayar wa surukai magana, kuma ana yabon mai zurfin ciki, har akan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kunya da kawaici ado ne, su ke riƙe da zaman lafiyar gida. Sai dai wanda ya haɗiye ɓacin rai shekara da shekaru, ba aboki ba aminiya, ba goggo ba kawu da zai buɗe wa cikinsa, lalle yana ɗauke da kaya mai nauyi.

Ciwon da ba a gani

Edwin Shneidman, wanda ya kasance cikin waɗanda suka buɗe cibiyar rigakafin kashe kai ta birnin Los Anjeles a Amurka cikin 1958, ya karanta ɗaruruwan wasiƙun da mamata suka bari, ya kuma zauna da mutane masu yawa da suka tsira. Abin da ya gano shi ne, akasarinsu neman kuɓuta suke daga wani raɗaɗi na zuciya da ya fi ƙarfinsu, raɗaɗin kunya ko kaɗaici ko laifi ko tsoro, mutuwa kuwa ita ce kawai hanyar da idonsu ya iya hangowa. Ya bayyana cewa wannan raɗaɗi yana ƙuntata tunani. Mutumin da a dā yake ganin mafita goma sai ya koma yana ganin biyu kacal, ko abin ya gyaru yau ko ya mutu, kamar wanda ke ƙasan rijiya yana ganin sama ɗan faifai.

Shneidman ya ƙara da wata magana mai muhimmanci: zuciyar irin wannan mutum a rabe take biyu, rabi na son mutuwa, rabi na fatan wani ya zo. Saboda haka ya riƙa koya wa ɗalibansa su fara da tambayar mutum inda ke yi masa ciwo da yadda za a taimake shi. In aka rage raɗaɗin ko kaɗan ne, a cewarsa, mutum zai zaɓi rayuwa.

Yanke ƙauna

Likita Aaron Beck na birnin Filadelfiya ya lura cewa ba duk mai ciwon damuwa ne ke kai wa ga wannan mataki ba, sai ya shiga neman abin da ya bambanta su. Cikin 1974 shi da abokan aikinsa suka shirya wani ma'auni mai tambaya 20 don gane yadda mutum ke hangen gobensa. Cikin 1985 suka buga sakamakon bin sawun majinyata 207 har tsawon shekara biyar zuwa goma. Mutum 14 daga cikinsu sun kashe kansu, kuma abin da ya fi nuna su tun da wuri shi ne yanke ƙauna, watau amincewa da cewa gobe ba za ta fi yau ba, fiye ma da tsananin damuwar kanta.

Talaka mai sa rai da damina yakan jure yunwar bazara. Wanda ya fid da rai da damina, da ƴaƴa, da dangi, shi ne abin tsoro. Amma Beck ya nuna cewa wannan tunani yana gyaruwa ta hanyar zama da mutum ana warware masa shi zare-zare. Cikin 2005 aka gwada hanyarsa a kan mutum 120 da suka taɓa yin yunƙuri. Waɗanda aka yi zama goma da su, sake yunƙurinsu cikin wata 18 ya ragu da wajen rabi in an kwatanta da sauran.

Abu uku na Thomas Joiner

Thomas Joiner yana ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam mahaifinsa ya kashe kansa cikin 1990. Ya ba da rayuwarsa ga binciken dalili, cikin 2005 kuwa ya fito da bayanin da ya yi suna a duniya. Ya ce sai abu uku sun haɗu.

Na farko, mutum ya ji ya yanke daga jama'a, ba wanda ke nemansa, ba wanda yake nema. Na biyu, ya ji ya zama nauyi a kan iyalinsa, har ya ɗauka mutuwarsa ta fi musu amfani da rayuwarsa. Joiner ya nanata cewa wannan lissafi kuskure ne, domin iyalan da aka bari ba su samun sauƙi, sai dai baƙin ciki na shekaru. In waɗannan biyu suka haɗu da yanke ƙauna, sai son mutuwa ya shiga zuciya. Amma tsoron mutuwa halitta ne mai ƙarfi, shi ke tsare mafi yawan mutane. Sai abu na uku ya zo, watau dushewar wannan tsoro ta hanyar sabo da ciwo da jini da tashin hankali, kamar ga wanda ya sha duka tun yana yaro, ko wanda ya yi yaƙi, ko wanda aka kashe mutane a gabansa, ko wanda ya taɓa yin yunƙuri a baya.

Mai karatu zai iya gane waɗannan fuskoki. Ga dattijon da idonsa ya tafi, yana cewa shi ya zama kaya. Ga ɗan ci-rani da aka sayar da saniya don kuɗin motarsa, aka koro shi daga Libiya hannu rabbana, ya kasa zama cikin tsara. Ga matar da ta samu yoyon fitsari wajen haihuwa, aka ware mata ɗaki da kwano. Ga saurayin da ya faɗa shan taramol har gida aka sallama shi. Kowannensu na iya tara biyu ko uku daga cikin abubuwan da Joiner ya lissafta.

Tarko da ƙofa

A Biritaniya, Mark Williams ya bayyana cikin 1997 cewa tunanin kashe kai kukan wanda ya faɗa tarko ne: an kayar da shi ko an kunyata shi, ya duba bai ga hanyar fita ba, bai kuma ga mai ceto ba. Rory O'Connor, mai aiki a ƙasar Sikotilan, ya ɗora a kai cikin 2011, ya raba tafiyar mataki-mataki, daga shan kaye zuwa jin an shiga tarko, daga nan zuwa tunani, daga tunani zuwa aiki. Ya nuna cewa masu tunanin suna da yawa, masu aikatawa kaɗan ne, abin da ke tsallakar da mutum kuwa ya haɗa da samun abin cutar da kai kusa da hannu, da maye, da gaggawar hali, da jin labarin wani da ya aikata.

Lokacin tsallakawar nan gajere ne ƙwarai. Wani bincike da aka buga cikin 2001 a kan matasa 153 da suka tsira da ƙyar a birnin Hiyuston na Amurka ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, tsakanin yanke shawararsu da aikatawa bai kai minti biyar ba. Wanda ya wuce wannan sa'a kuwa galibi ya tsira ke nan. Cikin 1978 Richard Seiden ya bi sawun mutum 515 da aka tare a kan wata babbar gada ta San Faransisko. Bayan shekara 26 a matsakaici, kashi 94 cikin ɗari suna raye ko kuwa sun yi mutuwar Allah da Annabi. Wannan ya rushe maganar da akan yi cewa wanda ya yi niyya ba mai hana shi.

In an dubi Kurfai da wannan madubi

Filinge na kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a bakin Dallol Boso, inda Kurfayawa ke zaune tare da Zabarmawa da Buzaye da Filani. Ƙasa ce da ta san matsi. Wajen 1925, lokacin da haraji da aikin tilas da sarautar Gado Namailaya, wanda Faransawa suka ɗora, suka ƙuntata wa talakawa, wata mata mai suna Shibo a garin Shikal ta jagoranci tashin da aka sani da Hauka ko Babule. Mabiyanta suka riƙa hawan iskoki masu kama da sojoji da kwamandojin Nasara, suka ƙi bin umarni, har kwamanda Croccichia ya kama su ya kulle su a Yamai. Kowane irin hukunci mutum zai yi wa wannan al'ada, tarihi ya nuna jama'ar da ta ji ta shiga tarko ta nemi ƙofa tare, ba kowa shi kaɗai ba.

Bayan haka aka yi yunwar 1931 wadda fara da fari suka haddasa a yammacin Nijar, sai farin 1973 zuwa 1974, sai na 1984, waɗanda suka share garkuna suka tura dubban magidanta ci-rani zuwa Gana da Kodebuwa da Nijeriya. Abin da ya riƙe mutane cikin waɗannan shekaru shi ne gayya a gona, da habbanaye inda mai dabba ke ba wanda ya rasa aron ta mace har ta haifa masa, da zakka, da ciyayya, da samariya wadda aka farfaɗo da ita zamanin Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu a wannan yanki. In an auna da ma'aunin masana, kowace ɗaya daga cikin waɗannan al'adu tana gaya wa mutum cewa yana da mutane, yana da amfani, kuma gobe na nan tafe.

Matsin wannan zamani ya zo da wata kama. Cikin 2012 ƴan gudun hijirar Mali suka sauka Abala, arewa da Filinge. Ran 9 ga Janairu 2020 aka kashe sojoji 89 a Shinagodar, ran 15 ga Maris 2021 kuma aka kashe mutum 58 a yankin Banibangu, da yawansu a kan hanyar komawa gida daga kasuwa. Garuruwa sun tashi, makarantu sun rufe, manoma da makiyaya sun bar gonaki da mashaya. Hana zirga-zirgar babura da aka yi a jahar Tilaberi cikin 2020 saboda tsaro ya tsayar da sana'ar samari ƴan kabu-kabu, ya kuma rage ziyara, alhali zumunta a ƙafa take. Magidancin da a garinsu shi ke ciyar da mutum ashirin, ya koma bin layin rabon abinci a bakin gari, ya rasa matsayi, ya rasa maƙwabta, ya kuma ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Duk abin da Durkheim da Joiner suka ambata ya taru a kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Matsayin addini

Musulunci ya haramta kashe kai haramci mai tsanani. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta yi hani a kansa, ta kuma rufe da ambaton jinƙan Allah ga bayinsa. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa riƙo da addini da halartar jam'i suna daga cikin abubuwan da ke kare mutum. Amma mumini ma yana kamuwa da ciwon zuciya kamar yadda yake kamuwa da zazzaɓi. Imamu Muslim ya ruwaito labarin wani abokin hijirar Ɗufailu ɗan Amru, wanda ciwo ya tsananta masa a Madina har ya raunata kansa ya mutu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa masa gafara. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa wanda ya kashe kansa bai fita Musulunci ba, ana yi masa wanka da salla. Saboda haka limamin da wani ya zo wa da irin wannan tunani, in ya fara da tsawa da ambaton wuta, ya ƙara wa mai jin laifi laifi. In ya fara da saurare da tunatar da rahama, sa'an nan ya raka shi gidan likita, ya haɗa addu'a da magani.

Abin da za a yi

Labarin zuciya a tambayi fuska. Alamun da ya kamata a lura da su sun haɗa da janyewa daga fada da masallaci da biki, rashin barci, barin cin abinci, yawan faɗin cewa "gara in mutu in huta" ko "kun kusa hutawa da ni", rabar da kayan da mutum ke ji da su, neman gafara da sallama ba tare da tafiya ba, da kuma natsuwar da ta sauko farat ɗaya bayan dogon baƙin ciki. A ƙara sa ido bayan saki, ko mutuwar makusanci, ko asarar dukiya, ko abin kunya da ya fito fili, da kuma ga mai jego wadda ta daina kula da kanta da jaririnta.

Wanda ya ga haka ya keɓe da mutumin, ya tambaye shi kai tsaye cikin taushin murya: "Yaya, na ga kwanakin nan ba ka jin daɗi. Ko tunanin kashe kanka yana zo maka?" Mutane na tsoron kada tambaya ta shuka tunanin, amma gwajin da aka yi a kan ɗalibai fiye da dubu biyu a jahar Niyok cikin 2005 ya nuna ba ta shuka shi. In ya amsa da i, kada a yi masa dariya ko gori ko faɗa, kada a yi masa alkawarin rufa asiri, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A saurare shi har ya gama, a sanar da wani babba da ya amince da shi, a kai shi gidan likita mafi kusa ko asibitin gunduma na Filinge, inda za a iya tura shi sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa a Yamai, wanda aka sani da Pavillon E. Ciwon damuwa yana da magani.

A kuma nisantar da abin cutarwa. Maganin ƙwari na gona da ƙwayoyin asibiti da makami, a kulle su, mabuɗi ya zauna hannun wani. Ƙasar Sirilanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafiya dafi, masana kuwa suka ƙiyasta cewa an tsirar da rai dubu 93 tsakanin 1995 da 2015, ba tare da amfanin gona ya ragu ba. Wannan aiki ne na malaman gona da masu sayar da magani a kasuwanni da hukumomin da ke sa musu ido.

Bayan an sallamo mutum, a ci gaba da leƙa shi. Wani likita a San Faransisko, Jerome Motto, ya ɗauki majinyata 843 da suka ƙi komawa asibiti, ya riƙa aika wa rabinsu gajeruwar wasiƙar gaisuwa har shekara biyar. Cikin shekara biyun farko mutuwa ta fi ƙaranci ga waɗanda ke samun wasiƙar. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata tun 2006, suna zama kan benci a harabar asibitocin Harare suna sauraren masu damuwa, binciken 2016 kuwa ya tabbatar da amfanin aikin. Kurfai ba ta rasa irin waɗannan tsofaffi ba, ba ta rasa ungozomomi da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a Maraɗi cikin 1991, da fadojin samari da ɗaliban yaƙi da jahilci ba. Abin da ya rage shi ne ma'aikatan lafiya su koya musu alamu da irin maganar da za su yi.

Daga ƙarshe, in ƙaddara ta riga fata, a rufa wa mamaci asiri ta hanyar barin baza yadda abin ya faru, domin irin wannan labari yana jan masu rauni. A je wa iyalinsa gaisuwa kamar kowa, kada a ƙaurace musu, kada a yi wa ƴaƴansa gori, gama su ma suna cikin waɗanda haɗarin ya fi kusa da su. Tun 2003 aka keɓe ran 10 ga Satumba ta kowace shekara don tunatar da duniya wannan aiki, ya dace masu gari da limamai da gidajen rediyon karkara su riƙa amfani da ita. Wanda kuma ya karanta wannan bayani ya ga kansa a ciki, to ya sani raɗaɗin da yake ji yana da magani, kuma iyalinsa sun fi bukatarsa da rai. Kada ya kwana da abin shi kaɗai, ya faɗa wa mutum guda yau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya kiyaye, ya ba da lafiya da zama lafiya.